Wa Za a Kai Ƙara? Waiwaye Kan Bindiga da Maƙerinta a Ƙasar Birnin Gwari

Kafin bindiga ta zama abin da ta zama a ƙasar Birnin Gwari, ta daɗe tana zaune cikinmu a matsayin kayan sana'a. Maharbi ke da ita, kuma duk gari an san shi. An san maƙerin da ya haɗa masa ita, an san kasuwar da yake sayo albarushi, an san ranar da ya shiga daji da ranar da ya fito. Idan ta yi ɓarna, akwai ƙofar gidan da za a je a yi sallama. Tarihin da za mu bi a nan shi ne na yadda wannan ƙofa ta riƙa yi mana nisa sannu a hankali, har muka wayi gari ana kashe mutum da makamin da ba mai iya faɗin hannun da ya ƙera shi, balle a yi zancen kai ƙara. A Amurka sai da majalisa ta zauna ta yi doka ta musamman kafin masu ƙera bindiga da masu sayar da ita su samu sa'ida daga masu neman diyya. A nan ba a wahalar da kowace majalisa ba, nisa ya riga ya yi musu wannan aiki.

Bindiga baƙuwa ce a wannan yanki, kuma ta ƙofar fada ta shigo. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno yake da rundunar masu bindiga waɗanda Turkawa suka horar. A Kano, littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye masu bindiga cikin masu tsaron lafiyarsa. Duk da haka yaƙe-yaƙen jihadi na farkon ƙarni na 19 da doki da takobi da mashi da kwari da baka aka yi su. Sai bayan 1860 bindiga ta fara yawaita. Ta kudu tana haurowa ta kogin Kwara, inda Etsu Masaba na Bida ke sayenta a hannun Turawa 'yan kasuwa, ta arewa kuma tana ratso hamada daga Tarabulus. A Damagaram, Sarki Tanimu har ya kai ga sa maƙeransa su zuba igwa su haɗa albarushi a cikin birnin Zinder. Ƙasar Gwari da Kamuku kuwa, da yake tana tsakanin Zazzau da Katsina da Kontagora, ta gefe mai ɗaci ta ɗanɗana wannan sauyi, musamman a shekarun da Ibrahim Nagwamatse, Sarkin Sudan na Kontagora, yake kai hare-haren kamun bayi, garuruwa suna watsewa, mutane suna komawa kan duwatsu. A wancan zamani bindiga ta sarki ce, galibi ma bayinsa ke riƙe masa ita, don haka duk abin da ta aikata sunan sarki ake kira. Bature ko Balaraben da ya kawo ta ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba.

Ba wai magabatanmu ba su da abin faɗi game da mai sayar da makami ba ne. Littattafan fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu suka yi hukunci da su sun rarrabe tsakanin wanda ya aikata abu da hannunsa da wanda ya zama sanadi daga nesa, kuma idan su biyun suka haɗu, yawanci a kan mai aikatawa ake ɗora nauyi. Shi ya sa ba a taɓa cewa maƙerin wuƙa ya biya diyyar wanda aka soka ba. Kisan ganganci na mai kisa ne, na kuskure kuma danginsa su taru su biya. Sai dai malaman nan sun kuma hana a sayar da makami a lokacin fitina, sun hana a sayar wa ɗan fashi ko wanda aka san da mugun nufi zai yi aiki da shi, bisa ƙa'idar toshe hanyar ɓarna tun kafin a kai gare ta. Ke nan maganar a kan sani take juyawa. Mai sayarwa yana da kariya muddin bai san inda kayansa za su ba, da zarar ya sani kuma ya miƙa, ya shiga cikin zunubin. Wannan ma'auni yana aiki ne a inda mai saye da mai sayarwa suke kallon juna ido da ido, kuma a haka ƙasar take a lokacin.

Sauyi na farko babba daga Turai aka ƙulla shi. A 1890 manyan ƙasashe suka taru a Brussels, babban birnin Beljiyam, suka sa hannu kan yarjejeniyar da suka ce ta yaƙi da cinikin bayi ce. A cikinta suka hana shigo da bindigogin zamani zuwa mafi yawan Afirka, suka bar ƙofa a buɗe ga tsohuwar bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Shekara goma sha ɗaya bayan haka Kontagora ta faɗa hannun Turawan Ingila, a 1902 jagoransu Lugard ya kafa hedkwatarsa a Zungeru, kudu da mu kaɗan, a 1903 kuma Kano da Sakkwato suka bi, a gaban igwa da bindiga mai ruwan harsashi. Tsarin da ya biyo baya a fili yake: makami mai sauri na hukuma ne, mai nawa kuma a bar wa talaka ya kori biri daga gona. Masana'antun Birmingham a Ingila da na Liège a Beljiyam sun ci gaba da ƙera irin wannan tsohuwar bindiga musamman domin kasuwar Afirka, tun bayan da aka daina amfani da ita a ƙasashensu. Da yawa arha ce marar ƙwari, takan fashe a hannun mai ita. Babu maharbin da ya taɓa tunanin akwai kotun da za ta saurare shi a kan wani kamfani a bayan teku.

A wannan gurbi ne maƙerin gida ya samu shiga, kuma a nan ya kamata mu ɗan daɗe, domin shi ne zamanin da dattawa ke tunawa da shauƙi. Maƙeri ya fara da gyara: kunama ta karye, ƙota ta tsage, a kawo masa. Daga gyara ya gane sirrin, ya fara haɗa tasa. Da motoci suka yawaita, sai sandar sitiyarin tsohuwar mota ta zama bututu mafi daraja saboda kaurin ƙarfenta, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya haƙura da bututun ruwa. Yaro na kan zuga-zugi, gawayi na ja, maƙeri ya toshe gindin bututun, ya huda ƙaramar kafa inda wuta za ta shiga, ya sassaƙa ƙota ya ɗaure su da zoben ƙarfe. Shi kuma maharbi, kafin ya harba sau ɗaya sai ya tsayar da ita a ƙasa, ya auna albarushi a tafin hannu ya ɗura ta baki, ya cusa tsumma ya danna da sandar ƙarfe, ya zuba dalma ko guntayen ƙarfe, ya sake cusa tsumma ya danna. Idan ta tashi, hayaƙi ya rufe shi, duk dajin ya san inda yake. Da irin wannan bindigar toka, ko baushe, ko harbi-ka-ruga, aka yi farautar gwanki da kanki da gadu a dajin Kamuku, wanda aka keɓe a 1936 a ƙarƙashin En'e, a daidai shekarun da haƙar zinariya ke janyo baƙi zuwa ƙasar Birnin Gwari.

Abin lura a wannan zamani shi ne gajartar igiyar da ta haɗa mai ƙera da mai harbi da wanda aka harba. Su ukun sau da yawa kasuwa ɗaya suke ci, masallaci ɗaya suke sallah. Sana'ar ƙira gado ce, tana da Sarkin Maƙera, maharba ma suna da nasu shugaban. Idan bindiga ta fashe ta cinye wa mutum yatsu, ba sai an nemi lauya ba, magana za ta bi ta wurin shugaban sana'a, ta je ga mai unguwa ko dagaci, in ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ta kai gaban alƙali. Maƙerin da aikinsa ya yi ƙaurin suna wajen fashewa, kasuwarsa ta mutu tun kafin a yanke masa hukunci. Baƙon ido kuma ba ya shigowa gari da safe ya fita da bindiga da yamma, sai an tambayi ɗan gidan wane ne, wa ya san shi. Maƙeri ba shi da wata kariya ta doka, kuma kowa ya san gidansu. Wannan tsoro na abin da zai je ya dawo shi ne lasisi na gaskiya a wancan lokaci.

Gab da samun 'yancin kai, a 1959, Dokar Makamai ta fara aiki, kuma har yau ita ce ginshiƙi. Ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai haramtattu, irin na yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai kuma masu ɗuri ta baki, wato irin na maharbanmu, waɗanda aka sassauta wa, aka bar al'amarinsu a matakin jiha. Dokar ta hana ƙera bindiga ko gyara ta sai a ma'ajiyar makamai ta hukuma ko da takardar izini, ta kuma wajabta wa dillali rajista da ajiye littafin abin da ya shigo da abin da ya fita. Amma duk harshenta na laifi da horo ne, tsakanin hukuma da wanda ya karya doka. Wanda aka harba, ko marayun da ya bari, ba su da gurbi a cikinta. Maƙerin ƙauye kuwa, wanda bai taɓa jin labarin takardar izini ba, ya wayi gari aikin da ya gada daga kakansa yana gefen doka. A 1964 gwamnati ta kafa nata kamfanin ƙera makamai, DICON, a Kakuri cikin Kaduna, da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus. Tun daga ranar, mai ƙera bindiga mafi girma a ƙasar nan ita ce hukumar da ke ba da lasisi, kuma ita ce ke kama wanda ba shi da shi.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya bar makamai a hannaye da yawa, ya kuma bar dubban mutanen da suka iya sarrafa su. Fashi da makami ya yi ƙamari, gwamnatin Gowon ta mayar da martani da dokar soja ta 1970 wadda ta tanadi kisa ga ɗan fashi, aka fara ɗaure mutane a jikin ganga ana harbewa a bainar jama'a. Gwamnatin Buhari ta sabunta dokar a 1984. A ƙarƙashinta, wanda ya ba ɗan fashi bindiga domin ya yi fashi da ita ana ɗaukarsa tamkar shi ya yi fashin. Wannan ya yi kama da tsohuwar ƙa'idar malamanmu ta sani, sai dai sakamakonsa kurkuku ne ko kisa, ba diyya ga wanda aka cuta ba. A shekarun 1980 da 1990, hanyar da ta taso daga Kaduna ta bi ta Buruku da Udawa ta ratsa Birnin Gwari zuwa Tegina da Legas, da wadda ta nufi Funtuwa, suka yi suna wajen tare motoci. Garuruwa suka kafa 'yan banga, kuma makamin ɗan banga shi ne na maharbi. Maƙeri ya samu sababbin masu ciniki, bindigar da aka yi domin gwanki ta fara fuskantar mutum.

A daidai lokacin da muke wannan, wata irin rigima ta daban tana tashi a Amurka. A 1998 kamfanonin taba sigari suka amince su biya jihohi 46 kuɗin da ya haura dala biliyan 200 saboda cutar da kayansu suka jawo. A wannan shekarar kuma birnin New Orleans da na Chicago suka maka kamfanonin bindiga a kotu, birane da gundumomi fiye da 30 suka bi sahu. Hujjar da yawansu ita ce kamfanonin sun san wasu dillalai ƙalilan ne ke zubar da kaya ga masu laifi, amma suka kau da kai. Yawancin ƙararrakin ba su yi nasara ba, sai dai kuɗin lauyoyi kaɗai ya isa ya girgiza masana'antar. A 2000 kamfanin Smith & Wesson ya sasanta da gwamnatin Clinton, masu sayen bindiga suka ƙaurace masa har ya kusa durƙushewa. A 2004 kamfanin Bushmaster da shagon da bindigar ta fito daga cikinsa suka biya dala miliyan 2.5 ga iyalan waɗanda wasu 'yan bindiga biyu suka kashe a kewayen Washington. Shekara guda bayan haka, ranar 26 ga Oktoba 2005, Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan dokar da aka fi sani da PLCAA, wadda ta hana a kai mai ƙera bindiga ko mai sayar da ita ƙara saboda laifin da wani ya aikata da ita. Ta bar 'yan ƙofofi: idan kayan na da aibi, idan an miƙa wa wanda a fili yake bai cancanta ba, ko idan da sani aka karya dokar ciniki. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne dalilin yin dokar. An gina katangar ne domin hannun masu ƙara yana kai wa, tunda kowace bindiga na da lamba, lambar na kai wa ga shago, shagon na kai wa ga kamfani mai adireshi da inshora.

Mu kuwa tamu igiyar tsinkewa take yi. Shugabannin ECOWAS sun ga abin da yaƙe-yaƙen Laberiya da Saliyo suka watsa, suka ayyana dakatar da shigo da ƙananan makamai da ƙera su a Abuja a 1998, a 2006 suka mayar da shi cikakkiyar yarjejeniya wadda ta fara aiki a 2009. Ta buƙaci a sa wa kowane makami alama, a ajiye rajista, a kuma ƙidaya maƙeran gida a yi musu rajista. A 2013 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A takarda ba mu da abin kunya. Amma a 2011 gwamnatin Gaddafi ta faɗi, rumbunan makaman Libiya suka buɗe, kaya suka gangaro ta Nijar da Mali. Ita kuma AK-47, tun da Kalashnikov ya tsara ta a Tarayyar Sobiyet, ƙasashe da dama sun ƙera irinta, wasu da izini wasu ba izini, Sin ma na da tata. Ɗauki guda ɗaya daga cikin waɗanda ake bajewa a gaban 'yan jarida ka duba. Ƙotar ta sha ɗauri da roba, fentin ya koɗe, a gefen da lamba da tambarin masana'anta ya kamata su kasance sai ka ga wuri ya yi fari fat, an goge shi da zarto. Wataƙila ta girmi yaron da aka kama da ita da shekara talatin, wataƙila ma ƙasar da ta ƙera ta ta daina wanzuwa.

Shekarar 2012 ta ajiye mana misalai biyu kusa da juna. Ranar 14 ga Oktoba, 'yan bindiga suka afka wa garin Dogon Dawa a nan ƙasar Birnin Gwari da asuba, suka kashe mutum fiye da 20, da yawansu suna fitowa daga masallaci, harin da aka danganta da ramuwar gayya kan aikin 'yan banga. Wata biyu cif bayan haka, ranar 14 ga Disamba, wani matashi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook a jihar Connecticut ta Amurka ya kashe yara 20 da manya 6. Kafin rana ta faɗi an san samfurin bindigar Sandy Hook, ba a jima ba aka san shagon da aka saye ta da wadda ta saya. Iyalai tara suka bi ta ɗaya daga cikin ƙofofin da dokar 2005 ta bari, suka ce yadda kamfanin Remington ke tallata bindigar ya saɓa wa dokar ciniki ta jiharsu, kuma a Fabrairun 2022 kamfanonin inshorarsa suka biya dala miliyan 73. Mutanen Dogon Dawa sun yi wa nasu sutura, sun karɓi gaisuwa. Ko da lauya ya zo musu kyauta, da wane suna zai cike gurbin wanda ake ƙara?

Abin da ya biyo baya ba sai an tuna wa kowa ba. Satar shanu ta kai ga gwamnonin yankin haɗa ƙarfi kan dazuzzukan Kamuku da Kuyambana a 2015. A Maris 2018 aka kashe sojoji 11 a Doka, a Mayu aka kashe aƙalla mutum 45 a Gwaska. Garkuwa da mutane ta zama sana'a, ƙungiyar Ansaru ta samu wurin zama a gabashin masarautar Birnin Gwari, a 2021 aka kai ga rufe layukan waya da kasuwannin mako. Abin da ya shafi zancenmu shi ne inda makaman ke fitowa. Binciken da ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar a farkon 2020, bayan ta duba makaman da aka ƙwace a Kaduna da Katsina da Zamfara, ya gano hanyoyi da dama: rumbunan Libiya, na Kwaddibuwa, bindigogi ƙirar Turkiyya da aka shigo da su ta ruwa, ƙirar gida, da kuma na jami'an tsaronmu. A 2017 kaɗai kwastan sun kama bindigogi fiye da 2,600 a Legas, farawa da guda 661 a watan Janairu. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya kuma ya nuna cewa zuwa ƙarshen 2018 akwai makamai 178,459 na 'yan sanda da ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne.

Abin mamaki, babu wata doka a Najeriya da ta hana a kai mai ƙera bindiga ƙara. Dokar sakaci da muka gada daga Ingila tana nan, kuma mun ga ta inda neman diyya ya yi aiki. Bayan gwajin maganin Trovan a kan yara a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 a Kano, kamfanin Pfizer ya sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75 a 2009. A 2013 Babbar Kotun Tarayya ta umarci gwamnati ta biya mutanen garin Odi naira biliyan 37.6 saboda abin da sojoji suka yi musu a 1999. A duka biyun an san sunan wanda ake tuhuma. A sha'anin bindiga kuwa shingaye uku ne a jere. Dokar kaya masu aibi ba ta taimaka ba, domin bindigar da ta kashe mutum ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa. Tsakanin masana'anta da daji akwai hannaye goma, mafi yawansu na ɓarayi da 'yan sumoga, kowane hannu kuma yana raunana hujjar cewa na farkon ne sanadi. Sannan kotun Kaduna ba ta da iko a kan masana'antar da ke wata nahiya. Ko ƙasa sukutum ta gwada ta sha ƙasa: Meksiko ta kai kamfanonin Amurka ƙara a 2021 tana neman dala biliyan 10 kan makaman da ke kwarara ga 'yan ƙwaya, a Yunin 2025 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara gaba ɗaya suka ce dokar 2005 ta rufe wannan hanya.

Da na nesa ya gagara, nauyin doka sai ya sauka kan na kusa. Maƙeri shi ne kaɗai mai ƙera bindiga da ɗan sanda zai iya isa wurinsa a kan babur, shi ya sa shi muke gani a tsugune gaban kyamara da zartonsa da guntayen bututu. Ba kuma za mu wanke shi tas ba. A cikin masu wannan sana'a akwai waɗanda suka bar bindigar toka suka koma kwaikwayon ta zamani, akwai masu yi wa mutanen daji gyara suna sane da ko su wane ne, kamar yadda ake da masu kai musu harsashi da man fetur. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma akwai kuma wanda bindigarsa ita ce kawai abin da ya tsaya tsakanin ƙauye da masu zuwa da dare, kuma doka ba ta da ma'aunin da za ta bambanta su biyun, tunda rajistar maƙera da aka yi alkawari a 2006 ba ta zama abin da maƙerin ƙauye ya sani ba. Tsohon tsari na Sarkin Maƙera da dagaci ya raunana, sabon bai iso ba.

Yanzu muna bakin wani sabon zamani. A 2021 aka kafa cibiyar ƙasa ta taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a 2024 aka ba ta doka ta kanta. A Nuwamban 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar DICON, wadda ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar zuba jari a ƙera kayan yaƙi a cikin gida. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe, motoci suka koma hanya. Idan masana'antun cikin gida suka bunƙasa, karon farko tun zamanin bindigar toka za a samu mai ƙera makami mai zaman kansa, mai suna da adireshi da dukiya a inda sammacin kotunmu ke kai wa, wasu ma a Kaduna, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai daga dajin. Ranar da aka tsinci ta farko daga cikin bindigoginsu a hannun da bai dace ba, masu jarin za su nemi irin katangar da takwarorinsu na Amurka suka samu, kuma za su zo da hujjar tsaron ƙasa da ayyukan yi. Kafin wannan rana ya kamata wakilanmu a majalisa su riga su da sharaɗi: lambar da ba ta gogewa a jikin kowace bindiga, littafin da ke nuna hannun da ta shiga daga masana'anta zuwa ma'ajiya, da haƙƙin iyalan wanda aka kashe su nemi diyya daga duk wanda sakacinsa ya bar ta ta fita, kamfani ne ko dillali ko ma'ajiyar hukuma. Wanda ya cika waɗannan, a ba shi kariya daga laifin da wani ya aikata. Wanda bai cika ba, ya zo kotu ya yi bayani.